Yadda Ake Feɗe Wasan Manyan Gwanaye: Carlsen da Anand a Sochi, Wasa na Shida

Ranar 15 ga Nuwamba 2014, a birnin Sochi na ƙasar Rasha, Magnus Carlsen ya ɗauke sarkinsa daga gidan c1 ya ajiye a d2. Sakin hannunsa ke da wuya ya gane ya kwafsa. Shi ne zakaran duniya a darar ces a lokacin, yana da shekara 23, kuma wanda ke zaune a gabansa shi ne Viswanathan Anand na Indiya, mutumin da ya riƙe kambun daga 2007 har zuwa 2013 da Carlsen ɗin ya karɓe a Chennai. An buga wasa biyar, kowa na da maki biyu da rabi. Anand ya ɗan yi tunani kaɗan, ya tura dakare ɗaya a can gefen allo, damar ta wuce. Taku goma sha biyu bayan nan ya miƙa hannu ya sallama.

Da wannan wasa zan nuna yadda ake nazarin wasan babban gwani. Na zaɓe shi ne don gajere ne, taku 38 kacal, kuma sarauniyoyi sun bar allo tun a taku na 9, saboda haka lissafin bai fi ƙarfin mai matsakaicin ƙwarewa ba.

Da farko, shirya wurin aiki

Ka samu allo na gaske da 'ya'yansa idan da hali. Waya ma ta yi, amma hannun da ya ɗauki doki ya ajiye ya fi yatsan da ya shafa gilashi riƙe abu. Ka tanadi takarda da biro. Idan a Lichess ko Chess.com za ka buɗe wasan, kashe injin lissafi tun kafin ka soma, har da sandar nan ta gefe mai hawa da sauka. Idonka na kai wa gare ta, nazari ya lalace.

A rubutun wasa, K sarki ne, Q sarauniya, R hasumiya, B giwa, N doki, shi kuwa dakare ba shi da harafi sai sunan gidan da ya je. Alamar x ci ne, + kuma cek, wato an kai wa sarki hari. 0-0-0 shi ne sarki da hasumiya su motsa tare a taku ɗaya ta ɓangaren sarauniya, ɗigo uku (...) kafin taku kuma na nufin takun baƙi ne. Giwa nake kiran ɗan nan mai tafiya a karkace, kamar yadda Larabawa ke kiransa.

Bi wasan a guje sau ɗaya

Carlsen ne da fari. Ga takun farko:

1.e4 c5 2.Nf3 e6 3.d4 cxd4 4.Nxd4 a6 5.c4 Nf6 6.Nc3 Bb4 7.Qd3 Nc6 8.Nxc6 dxc6 9.Qxd8+ Kxd8 10.e5 Nd7 11.Bf4 Bxc3+ 12.bxc3 Kc7 13.h4 b6 14.h5 h6 15.0-0-0 Bb7 16.Rd3 c5 17.Rg3 Rag8 18.Bd3 Nf8 19.Be3 g6 20.hxg6 Nxg6 21.Rh5 Bc6 22.Bc2 Kb7 23.Rg4 a5 24.Bd1 Rd8 25.Bc2 Rdg8

Sauran kuma:

26.Kd2 a4 27.Ke2 a3 28.f3 Rd8 29.Ke1 Rd7 30.Bc1 Ra8 31.Ke2 Ba4 32.Be4+ Bc6 33.Bxg6 fxg6 34.Rxg6 Ba4 35.Rxe6 Rd1 36.Bxa3 Ra1 37.Ke3 Bc2 38.Re7+, baƙi ya sallama.

Minti biyar ya isa wannan zagayen. Kada ka tsaya lissafi. Abin da kake nema kawai shi ne labarin wasan a jimla biyu ko uku, ka rubuta shi da bakinka. Nawa ga shi: fari ya danne baƙi a ɓangaren sarki, baƙi ya gaji da tsaro ya kwashe hasumiyoyinsa zuwa ɗaya ɓangaren, dakarunsa suka zube. Lura da cewa a wannan labarin babu ko alamar taku na 26. Wanda ya bi wasan a guje ba zai taɓa sanin an yi wani abu a wurin ba, kuma dalilin da ya sa ake komawa zagaye na biyu ke nan.

Karanta dakarun kafin ka taɓa dabara

Koma taku na 12 ka tsaya. Buɗin nan reshe ne na Sisiliya da ake jingina wa Ilya Kan, amma sunan ba zai amfane ka da komai yau ba. Dubi abin da kowa ya saya da abin da ya biya. Fari ya yarda dakarunsa biyu sun hau layi ɗaya, c3 da c4, a2 kuma ya zama maraya. A madadin haka ya samu giwaye biyu, da dakare a e5 da ya tokare wa baƙi maƙogwaro. Baƙi ba shi da wani rauni a fili tukuna, sai dai gidansa ya yi masa ƙunci.

Daga nan sai ka tambayi kowane taku: me ya zo yi? 13.h4 da 14.h5 sun zo su daskarar da dakarun baƙi ne a ɓangaren sarki. 16.Rd3 da 17.Rg3 hanya ce ta kai hasumiya ta tsaya a kan g7. Da Anand ya ga za a shaƙe shi, sai ya buga 19...g6 don ya sami iska, amma bayan musayar sai h6 ya rage shi kaɗai, ba dakaren da zai kare shi har abada.

Taku na 21 shi ne wanda nake so ka daɗe a kai. Hasumiyar da ta je h5 aiki biyu take yi lokaci ɗaya. Tana harin h6 tare da giwar e3, tana kuma gadin e5, wanda dokin g6 ya zuba wa ido. Duk inda ka ga ɗa ɗaya na ɗauke da kaya biyu, sa masa alama a takardarka, domin taura biyu ba ta taunuwa. A irin wurin nan ake haifar dabara.

Lissafa abin da ba shi da mai gadi

Yanzu jera matsayin da aka samu bayan 23...a5. Fari: sarki c1, hasumiyoyi g4 da h5, giwaye c2 da e3, dakaru a2, c3, c4, e5, f2, g2. Baƙi: sarki b7, hasumiyoyi g8 da h8, giwa c6, doki g6, dakaru a5, b6, c5, e6, f7, h6.

Bi 'ya'yan fari ɗaya bayan ɗaya kana tambaya, wa ke tsaron wannan? Da ka zo kan hasumiyar g4 za ka ga ba kowa. Tana tsaye a layi ɗaya da hasumiyar baƙi ta g8, kuma doki ne kaɗai ya raba su. Ranar da dokin ya kauce, hanya ta buɗe. Idan kuma ya kauce ne ta hanyar cin e5, to ya ci dakare, shi ma kuma yana harin g4 daga can.

Ke nan dabarar ...Nxe5 tana nan kwance a allo. Abin tambaya shi ne ko tana aiki. Gwada da kanka, sarki yana c1, ka ɗauka baƙi ne da taku: ...Nxe5, fari ya amsa Rxg8, baƙi ya rama Rxg8, sai Rxe5, doki ya tafi a banza. To ko dokin zai iya tserewa da cek kafin a rama? Daga e5, gida ɗaya ne yake iya taɓa sarkin c1, wato d3, kuma giwar c2 na gadin wurin. Ba ta aiki.

Amma kada ka share ta. Dubi yadda take ɗaure wa fari hannu ko da ba a buga ta ba. Me ya hana Carlsen cin h6 a taku na 24? Idan 24.Rxh6, hasumiya ta bar gadin e5, sai 24...Nxe5, yanzu kuwa babu mai cin dokin. To 24.Bxg6 fa? Sai 24...Rxg6 25.Rxg6 fxg6 26.Rxh6 Rxh6 27.Bxh6 Bxg2, dakaru biyar-biyar, giwar wannan na bin fararen gidaje, ta wancan na bin baƙaƙe. Kunnen doki ne wannan, kuma Carlsen bai zo neman kunnen doki ba.

Da ka fahimci haka, sauran takun sai su yi magana. 24.Bd1 gadin g4 ta je yi. Abin da fari ke bukata na dindindin shi ne dakare a f3, wanda zai tsare g4 ya kuma toshe wa giwar c6 hanyar g2, sarki kuma ya matso tsakiya. Shiri ne mai kyau. Hanyar da sarkin ya bi ce ta zama matsala.

Taku na 26: me ya canza?

Kafin ka ci gaba, kwatanta matsayin bayan 25...Rdg8 da na bayan 23...a5. Iri ɗaya ne sak. Giwa ta je d1 ta dawo, hasumiya ta je d8 ta dawo. Sau biyu ke nan 'yan wasan suna kallon hoto guda, kuma a cikinsa ...Nxe5 ba ta aiki.

Sai 26.Kd2. Rufe sauran takun da hannunka, ka ba kanka minti goma, kai ne Anand.

Tambayar da za ka yi bayan kowane takun abokin karawa guda ce: me wannan takun ya canza? Wane gida ya bari, wane gida ya shiga, wane cek ne ya samu da babu shi ɗazu? A nan amsar tana kusa. Doki a e5 na iya taɓa sarkin d2 daga gida biyu, c4 da f3. Dakaren g2 na gadin f3. Shi kuwa c4 hasumiyar g4 ce kaɗai ke gadinsa, tana barin layin ya zama ba mai gadi, ga kuma dakare a kai na ci.

26...Nxe5! Idan 27.Rxe5, sai 27...Rxg4, baƙi ya ci hasumiya da dakare a bakin doki. Saboda haka dole 27.Rxg8. A nan ne hannu ke ƙaiƙayin ramawa nan take, kuma wanda ya rama ya yi asarar doki kamar ɗazu. Baƙi sai ya saka wani taku a tsakani: 27...Nxc4+. Doki ya fice daga bakin hasumiyar h5, ya ci dakare na biyu, kuma fari ba shi da sukunin janye hasumiyarsa daga g8 domin sarkinsa na cikin cek.

Kada ka tsaya a nan kana murna, don fari na da sauran magana: 28.Kd3, sarki ya taka dokin. Yanzu idan 28...Rxg8 sai 29.Kxc4. Idan 28...Ne5+ hasumiyar h5 ta cinye shi. Sai ka nemo cek na biyu, 28...Nb2+, doki ya sake zillewa. Bayan 29.Ke2 Rxg8, ƙirga: baƙi na da dakaru shida, fari huɗu. Fari zai iya ɗaukar h6, amma g2 nasa ma na bakin hasumiya da giwa. A wasan manya, wannan tazara ce da da wuya a dawo daga gare ta.

Wannan ɗabi'a ta bin layi har sai ƙura ta lafa ita ce rabin aikin. Da yawanmu mukan ga 27...Nxc4+ mu ce shi ke nan, ba mu duba 28.Kd3 ba. Ni kaina a karon farko da na jera matsayin nan, ...Ne5+ na buga a allona cike da gadara, sai da na ɗaga ido na ga hasumiyar h5 na kallona.

Sannan juya allon, ka zama Carlsen. Ta ina sarki zai bi ya kai e2 lafiya? Ta d1. Doki na taɓa d1 ne daga b2, c3, e3 ko f2, kuma babu ɗaya da yake kaiwa daga e5 a tsalle guda. Haka ma e2 ɗin kansa. Shi ya sa da Anand ya buga 26...a4, Carlsen ya yi wuf ya wuce 27.Ke2, ƙofar ta rufe. Taku ɗaya tak ta yi a buɗe.

Ba wa kuskuren suna

Rubuta alamar tambaya biyu, wato alamar babban kuskure, a gaban taku ba nazari ba ne, kowace manhaja na yin wannan. Abin da zai amfane ka shi ne ka gano irin tunanin da ya haifi kuskuren, don shi ne za ka sake haɗuwa da shi a naka wasan.

Ba ƙarancin lokaci ba ne. A wannan gasa kowa na da minti 120 na taku 40 na farko, kuma Anand bai daɗe a kan 26...a4 ba. Ba kuma zurfin lissafi ba ne, taku huɗu ne, abin da ɗan kulob mai ƙwazo zai warware idan aka ce masa akwai wani abu a nan. To amma a kan allo ba mai ce maka akwai wani abu.

A ganina abu biyu ne suka haɗu. Na farko, dukansu sun riga sun auna ...Nxe5 a baya sun ga ba ta ci, sai ƙwaƙwalwa ta ajiye ta a matsayin abin da aka gama da shi, maimaita matsayin kuma ya ƙara tabbatar musu. Na biyu, kowa na cikin shirinsa. Carlsen na ganin e2, d2 mashiga ce kawai a wurinsa. Anand kuma tun 23...a5 hankalinsa na kan tura dakaren nan gaba. A taron manema labarai bayan wasan, Anand ya yi bayanin da ma'anarsa ita ce, idan mutum bai sa ran kyauta ba, wani lokaci ba ya miƙa hannu ya karɓa. Su biyun kuma sun ce sun ga abin ne bayan kowa ya saki nasa takun.

A takardarka rubuta shi da kalmomin da za ka tuna. Ni abin da na rubuta shi ne: sarki ya motsa, a sake duba duk cek.

Kada ka tashi bayan babban kuskuren

Nan ne masu nazari da yawa ke naɗe tabarma, alhali bayan 27.Ke2 dakaru shida-shida ne, ba wanda ya ci wani abu. Anand bai faɗi wasan a taku na 26 ba, damar cin wasa ce ta kuɓuce masa. Faɗuwar daga baya ta zo, kuma tana da nata darasin.

Bi hasumiyoyin baƙi da ido. Bayan 28.f3, g4 ya sami mai gadi, ta g8 ba ta da sauran aiki a can, sai ta koma d8 sannan d7. 30.Bc1 taku ne mai daɗi: giwa ɗaya na harin a3, kuma har yanzu tana hango h6 ta dogon layinta. Anand ya amsa da 30...Ra8. Tsaya ka sake yin lissafin marasa gadi, wannan karon na baƙi. h6 ba kowa. Dokin g6 dakaren f7 kaɗai ke riƙe da shi, f7 ɗin kuma shi ne mai tsaron e6. Ga wani mai kaya biyu. 33.Bxg6 fxg6 ya janye shi daga wurinsa, daga nan sai g6 ya faɗi, e6 ya bi, a3 ya cika na uku. Harin da Anand ya je nema ta d1 da a1 bai iso a kan lokaci ba.

Ko matsayin ƙarshe ma kada ka ɗauka a kan amana. Tambayi kanka me ya sa ya sallama. Bayan 38.Re7+ Ka6 39.Rxh6 Rxa2, fari na da 40.Bxc5, domin dakaren b6 ba ya iya ramawa, hasumiyar h6 ta ɗaure shi a gaban sarkinsa.

Akwai wani abu da rubutun taku ba ya nunawa. Mutumin da ya gane ya bar nasara ta wuce, sannan dole ya koma tsaron matsayi mai wuya na wasu sa'o'i, ba a cikin natsuwa yake wasa ba. Ni na karanta takun Anand daga 27 zuwa 32 a matsayin na mai son a yi ta ta ƙare. Wannan fahimtata ce, kai ma ka auna ka gani. Carlsen dai ya ci gasar da maki shida da rabi, Anand na da huɗu da rabi, a wasa na goma sha ɗaya.

Sai yanzu za ka kunna inji

Buɗe injin lissafin nan, Stockfish, bayan takardarka ta cika. Za ka ga ma'auninsa na fifita fari har taku na 25, ya yi tsalle zuwa ɓangaren baƙi a 26.Kd2, ya dawo a 26...a4. Wannan ka riga ka sani. Amfaninsa yana wuraren da ku biyu kuka saɓa. Duk inda ya ƙi takun da ka zaɓa, kada ka kwafi nasa ka wuce. Buga naka a allo, ka bar shi ya hukunta ka, ka bi layin har ka ga da idonka abin da ka yi asara. Idan kuma ya ba ka wani taku da bambancinsa da na babban gwanin bai taka kara ya karya ba, kuma ba ka iya bayyana dalilinsa da baki, ƙyale shi.

Ka sa shi ya duba maka taku na 32 musamman. Baƙi na cikin cek daga giwar e4, kuma 32...Bc6 ba shi kaɗai ne mafita ba. Rubuta sauran zaɓin, ka yi naka lissafin tukuna, sannan ka tambaye shi.

Daga ƙarshe zana matsayin bayan 26.Kd2 a kati, ka rubuta "baƙi ne da taku" a ƙasa, amsar a baya. Yi kati na biyu da sarki a c1, na uku da sarki a d1. Cakuɗa su, bayan mako guda ka ɗauko ka ga ko za ka iya faɗin wanne ne dabarar ke ci a cikinsa, da dalili.

Idan ka gama da wannan, nemi wasa na 14 na gasar duniya ta 2024 a Singafo, tsakanin Ding Liren na Sin da Gukesh na Indiya, wanda aka buga ranar 12 ga Disamba. Matsayin kunnen doki ne har Ding ya buga 55.Rf2, ya nemi musayar hasumiya. Tsaya a nan, rufe sauran takun, kuma kafin ka lissafa komai dubi gidan da giwar fari take tsaye, ka ƙirga hanyoyin fita nawa take da su.